Tayoyin Motar Auta

Shekara biyu na yi a lakwal, makarantar boko. A ta ukun mushe, malamin ajinmu, ya kira mahaifina ya ce mashi kan yaron nan ya fi dacewa da ɗaukar kaya. Bai yi ƙarya ba. Na ɗauki kaya har Allah ya ba ni abin da ke ɗaukar mani, wata tsohuwar bashe, irin akori-kurar nan mai rumfar tamfol, na kwashe shekaru ina jigilar mutane da awaki tsakanin Dakoro da kasuwannin ƙauye. Don haka in na yi maganar taya a saurara. Ilimin da nake da shi a kanta a ƙarƙashin mota na samo shi, rairayi na shiga mani kunne.

A zamaninmu taya ba ta mutuwa, wurin aiki take canjawa. Robar ciki ta koma guga a bakin rijiya. Babbar taya a tsaga ta biyu a riƙa zuba wa tumaki ruwa. Mai kyan jiki kuwa ta zama takalmi. Akwai kuma ƙa'idar da ba wanda ya rubuta amma kowa ya sani: mai mota ya kai tsohuwar tayarsa wurin mai yanka kyauta, takalmin farko da aka fitar nasa ne, saura na mai wuƙa.

Mai wuƙar nan, a wurina, taubashina ne, ɗan kawuna. Rumfarsa na bayan kara, kasuwar dabbobi, kusa da masu sayar da igiya da akala. Kayan aikinsa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: gungumen ice, basilla, guduma, dutsen washi, sai wuƙa. Wuƙar ma daga karyayyen ƙarfen sifirin na ƙarƙashin bashena maƙeri ya ƙera mashi ita. Tun muna yara yake cewa ni bawansa ne, tunda ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Ni kuma nakan ce ban taɓa ganin ubangijin da ke durƙusawa yana auna ƙafar bawansa ba sai shi. Ƙafata ya san ta fiye da ni. Ya san babban yatsana na hagu da jaki ya taka ya karkace, kullum sai ya ja hancin takalmin gefe kaɗan saboda shi.

Ranar kasuwa a da, sai ka ga Fulani da Buzaye sun yi layi a gaban rumfar, kowa ya ɗora ƙafa bisa roba ana zagaye ta da gawayi. Ƙayar aduwa ba ta huda takalmin taya, zafin rairayin azahar bai ratsa shi. Mutum zai saya ya tafi arewa da dabbobi, ya dawo bayan damina biyu yana neman a canja mashi hanci kawai.

Da idona ya fara yi mani rowa na sayar da bashe. Wani mutumin Kornaka ya saya, na ji an ce yanzu kaji ke ƙwai a cikinta. Tun daga nan ofishina ya koma bencin rumfar taubashina. In na karya kumallo in tafi, in zauna, a dafa shayi, ya zage ni in zage shi, a kira azahar mu tafi tare. Ban san aiki ne ba sai da aka ce za a sallame ni.

Silifa ta roba ta cika kasuwa, mai ja, mai shuɗi, ka sa yau gobe ta tsinke ka sayi wata. Wannan bai kashe sana'ar ba, don makiyayi ya san abin da ƙafarsa ke so. Rashin taya ne ya kashe ta. Tayoyin da, zare ne a cikinsu, wuƙa na wucewa kamar a cikin kabewa. Na zamani an saƙa masu wayar ƙarfe. Masu zaren suka yi wuya, in wata ta faɗo manyan Maraɗi sun riga mu. Sai a yi sati gungumen nan ba a ɗora mashi kome ba.

Wata safiya bayan an gama girbi, yana tsiyaya shayi, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"In an yi Sallar Layya zan rataye wuƙa. Babban yarona ya gina mani ɗaki can ƙauyensu, wajen Ɗan Gulbi."

Na ce, "Madalla. Kasuwa za ta huta da warin bakinka."

Ya ce, "Kai kuma ka nemi wanda zai riƙa ba bawa shayi kyauta."

Muka yi dariya. Ƙauyen da yake faɗi na san shi, bayan tuddan rairayi yake, motar kasuwa ba ta shiga sai ta ajiye ka a bakin hanya ka ƙarasa da ƙafa, ni kuwa gwiwoyina sun daɗe da yin ritaya. In ya tafi, ya tafi ke nan. Na lissafa a raina: mutumin nan ba gajiya ta kore shi ba, roba ce babu. In na samo mashi roba, zai zauna.

Ana cikin haka Auta ta zo da mota.

Auta ɗiyata ce ta ƙarshe, ungozoma a wani asibiti a Maraɗi. Ina tsugune ƙofar gida ina alwalar la'asar, sai kawai na ga inuwa ta rufe ni. Na ɗaga kai, ga hancin mota dab da butata. Ban ji tahowarta ba. Kajin unguwa ma ba su ji ba, suna ta tonon su a gabanta. Na ce a'uzu billahi, wace irin mota ce ke tafiya kamar kyanwa za ta saci kifi?

"Baba, ibrid ake ce mata," in ji Auta tana dariya. "Isansi take sha, fetur ke nan, tana kuma da batir babba. In tana tafiya a hankali sai injin ya yi barci, lantarki ya ja ta."

Na ce, "To ruwa-biyu ke nan. Uwa jaka, uba doki."

Maƙwabta suka taru suna shafa kujeru, suna leƙa madubi. Ni ban ga kujera ba. Na zagaya na durƙusa wajen taya, na danna gefenta da babban yatsa. Ta lotsa kamar kumatun jariri. Baƙa wul, ba faci ko ɗaya.

"Waɗannan fa?"

"Na kamfani ne, Baba. Tun inda aka ƙera ta ba a taɓa canja su ba."

Zuciyata ta ce mani: malam, roba mai laushi haka, a motar da ba ta ko tari, ina za a sa mata waya? Ai waya sai manyan motoci masu ɗaukar siminti. Taya huɗu! Na ga takalma suna fitowa daga cikinsu jere, na ga taubashina bisa gungumensa har wata shekara.

Daga ranar na buɗe wa'azi. Duk zuwan da Auta za ta yi sai na yi mata huɗuba a kan taya. Na ce waɗannan na ƙasar da ake share hanya da tsintsiya ne. Na ce ba su da haƙori, rairayinmu kuwa sai mai cizo. Na ce ni da na yi shekaru a hanya ba zan iya barci ba ɗiyata na yawo bisa faifan tuwo.

"Baba, makaniki ya ce su ne sirrin rashin shan man motar. Ya ce da gangan aka yi su haka, marasa nauyi, masu santsi. Kuma ba su ci rabi ba."

"Makanikin nan ya taɓa kwana a Tarka da mota cikin yashi?"

"Ban tambaye shi ba."

"To tambaye shi."

Uwarta, wadda ta san ni tun ina da haƙora duka, ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Malam, yaushe ka fara son motar nan haka?" Na ce tsakanin uba da ɗiyarsa ba a shiga.

Sai aka yi rasuwa a dangin Hajiya, uwar Auta, a wani ƙauye gaba da Rumbu. Auta ta ce za ta kai mu gaisuwa. Hanya biyu ce: akwai mai tauri da ke zagaye, akwai wadda ke yankewa ta cikin jigawa. Ni ne a gaba, ni ne masanin hanya. Har yau ana cewa da gangan na yi. Ni dai abin da na faɗa shi ne ta jigawa ta fi kusa, kuma ta fi kusa, ga mai raƙumi.

Tudu na farko motar ta hau da addu'a. A na biyu ta tsaya ta fara haƙa wa kanta kabari, tayoyin na juyawa sumul suna watsa rairayi. Na fito da girmana, na ce kowa ya kwantar da hankali, ga gwani. Na karyi tsinke na rage wa kowace taya iska, yadda muke yi tun kafin a haifi makanikin Auta, don taya ta baje ta kama ƙasa. Ban gama ta huɗun ba motar ta kunna wata fitila ruwan ɗorawa ta fara ƙara, ƙit, ƙit, ƙit.

"Baba, me ka yi mata? Tana cewa an taɓa tayoyinta!"

Ka ji munafuka. Bashena ko wuta ta kama ba ta taɓa kai ƙarata wurin kowa ba.

Ta ɗan motsa, ta yi taku goma, ta taka reshen aduwa da iska ta binne. Ƙaya ta shige tayar gaba kamar an gayyace ta. Ƙarshenta wani mai amalanke ne ya kwance shanunsa biyu ya ja mu har bakin gari, mota mai inji da batir tana bin bayan bajimai. Muka tarar an shafa fatiha, an fara watsewa. Aka yi wa tayar faci muka dawo. Sai da Auta ta ajiye mu ƙofar gida ta ce, "Ranar Asabar ka shirya, Baba. Tunda kai ne gwani, kai za ka zaɓa."

Na ji kunya kaɗan. Kaɗan fa.

A Maraɗi na zaɓa mata masu kauri, masu haƙora kamar na kada. Aka ɗaga mota, aka kwance na kamfani ɗaya bayan ɗaya. Ina kallo sai na ga mai shagon yana gangara su zuwa cikin shagonsa, hankali kwance, kamar gadon ubansa. Na tashi da sauri irin wanda gwiwoyina suka manta, na tara su huɗun na hau na zauna.

"Alhaji, lafiya? Ai tsofaffin nan wurinmu ake barin su."

"A Maraɗi. Waɗannan ƴan Dakoro ne, gida za su."

"Me za ka yi da su?"

"Miya."

Auta ta rufe fuska da gyale, ta ce a sa mashi su a mota don Allah kafin mutane su taru. Biyu a but, biyu a kujerar baya, ni a tsakiyarsu na rungume ɗaya. Da muka hau kwalta sababbin tayoyin suka fara kuka, wuuu, kamar amya ta tashi. Auta ta ce ga shi nan, motar da ba ta da murya ta koma mai gurnani, kuma allurar mai ta fara sauka da wuri. Na ce ai gara haka, ko jakuna sa ji tahowarki su kauce.

Washegari na fito da ɗaya, don huɗu ba su garuwa ga mutum ɗaya. Na gara ta tun daga gida har bayan kara, mutane na tambaya ko tsufa ne ya fara taɓa ni. Na jingina ta da gungume na ce, "Ubangijin banza, ga aiki. Akwai uku a gida. Sai ka aika wa yaronka ya zuba awaki a ɗakin nan."

Ya shafa ta. Ya danna gefen kamar yadda na danna. Na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da na daɗe ban gani ba. Ya wasa wuƙa a nitse, ya tofa bisimilla, ya ɗora a bisa tayar, wurin da ke taka ƙasa, inda ake fitar da takalmin kirki, ya danna da ƙarfinsa duka.

Ƙarrr!

Har da ɗan tartsatsi. Ya ɗago wuƙar. Bakinta ya yi giɓi kamar haƙorin ɗan shekara bakwai. A cikin tsagar ga waya nan tana ƙyalli, saƙe kamar tabarma.

Na jira zagi. Na ma shirya amsa. Ya juya wuƙar, ya sake juya ta, ya goge ta da gefen riga ya sa cikin kube. Ya kashe wutar shayi, ya ce yau kansa na ciwo zai koma gida. Taubashin da ka yi wa ɓarna bai zage ka ba, ka san abu ya kai inda ya kai.

Kwana uku ban je kasuwa ba. Ina zaune zaure ina kallon kaji. Hajiya ta kawo fura ta ajiye ta ce, "Ka sa mun makara gaisuwa, ka sa ɗiyarka ta zubar da tayoyi masu rai, ka karya wuƙar ɗan kawunka. Saura me a cikin shirin?" Na ce mata fura ta yi tsami. Ba ta yi ba.

Rana ta huɗu da hantsi na ji sallama. Shi ne, da kansa, da wani abu ƙunshe a tsumma.

"Tashi, bawa. Kawo ƙafar nan taka mai kama da ta agwagwa."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Ashe kwana ukun nan bai kwanta ba. Ya zauna da basilla yana tsokanar tayar nan taƙi bayan taƙi, har ya gane wayar a bisa take kawai, da kuma can bakin da ke kama ƙarfe. Gefen da na danna da yatsa, tsakanin nan da can, zare ne zalla irin na da. Ya kai wuƙar wurin maƙeri aka rage mata tsawo aka fitar da sabon baki. Robar gefen ba ta da kauri, sai ya haɗa biyu ya ɗinke. Ba ta kuma miƙe ba, don haka takalmin ya fito a lanƙwashe kamar lauje.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya sa mani. Hancin na hagu an ja shi gefe kaɗan.

Na ce, "Ka ga ubangiji a ƙasa, bawa a tsaye."

Ya ce, "Taka mu gani, kafin in fasa."

Na taka a rairayin ƙofar gida. Da na ɗaga ƙafa sai ga rubutu. Haruffan nan da kamfani ke yi a gefen taya, masu tudu, su ya juya ƙasa, kowane taku sai sun buga kansu a yashi, da lambobi, a juye. Ni da mushe ya kora a aji biyu, ga ni ina rubuta boko daga gida har masallaci. Abin da nake rubutawa ban sani ba, amma hannun yana da kyau.

Illarsa ɗaya. Hajiya ta daina tambayata ina na je. Sai in dawo ta ce, "Ka ce ta'aziyya za ka, ga rubutunka can ya karkata wajen mai tsire."

Ranar kasuwa wani Bafillace ya bi sawuna tun daga kara har rumfa, ya ce irin wannan yake so, don in ya yi gaba da shanu iyalinsa su san ta inda ya bi. Kafin la'asar an yi layi, gajere, amma layi ne. Bisan tayar mai waya ma bai tashi a banza ba, mun zagaye ɗan dogon yaron da aka dasa gaban rumfa da shi don awaki.

Da ta farko ta ƙare ya ce in kawo sauran. Nan na yi tunani irin na manya. In na kawo uku gaba ɗaya, zai gama su kafin Sallah ya tafi. Na ce mashi Auta ta koma da su Maraɗi bisa kuskure, sai ɗai-ɗai za ta riƙa kawowa. Ta biyu ta iso bayan wata guda. Ta uku ta yi jinkiri ƙwarai, hanya ba kyau. Sallar Layya ta zo ta wuce, muka ci soye a rumfa, ba wanda ya ta da maganar rataye wuƙa.

Wata rana yana ɗinki, kansa a sunkuye, ya ce, "Ta huɗun nan da ke cikin rumbunka, ƙarƙashin buhunan ƙaiƙayi, ka bar ta sai ruwa ya sauka. Hannuna na so ya huta."

Na ce, "Wane rumbu?"

Ya ce, "Zuba shayi."

Haka muka ja har damina ta tsaya. Taya huɗu dai taya huɗu ce, ko wane ne ya ɓoye ta. Hannunsa kuma ya fara rawa, basilla na kuskure rami. Takalmin ƙarshe da ya fitar bai sayar ba, ya zagaye ƙafarsa da gawayi ya yanka wa kansa. Yaronsa ya zo da amalanke aka ɗora gungume da dutsen washi. Ban raka shi ba, na ce ina da mura. Rumfar yanzu wani ke sayar da fitilun sola a ciki, mutumin kirki ne, sai dai ko ka zauna wuni ba zai zage ka ba.

Sababbin tayoyin Auta kuwa, masu haƙoran kada, ba tudun da ke tsayar da su. Duk sanda ta zo Dakoro takan ce, "Baba, shiga mu je ka karɓo zaginka." Mu bi ta jigawa, mu haye tuddan nan da ke tsakanina da shi, ba saniya ba amalanke. Ya ce tun muna bayan rijiya yake jin gurnaninsu, kafin mu iso ya hura gawayi.

Zuwanmu na bayan nan, bayan an sha shayin farko, na ga ya tashi yana dogara sanda ya nufi motar. Ya durƙusa ya danna gefen taya da babban yatsa. Ya dube ni. Na dube shi.

"Ɗiyata," in ji shi, "waɗannan kamar sun fara gajiya, ko?"

Auta ta ce, "Baba, ku biyun nan ku fita hanyar tayoyina."

Ya dawo ya zauna yana cewa shi tambaya kawai ya yi. Da ya gyara tabarma na hango kuben wuƙar a ƙarƙashi, an shafe shi da mai.